Ranar Biya a Quellón

Kakata Eduvina tana da kwamfuta
mai launin tsohon ƙashi, mai gurnanin firiji.
Shekara goma sha ɗaya tana zaune
a kan teburin ƙungiyar masunta,
can ƙarshen tsibirin Chiloé,
inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo.
Harafin A ya goge daga madannai,
amma ɗan yatsanta ya san gidansa ko a duhu.

Kowace Juma'a ƙarfe bakwai
takan kunna ta, ta ɗora ruwan shayi.
Kafin buta ta yi kuka, allo ya buɗe:
sunan mutum, kilon kifinsa,
bashin mai, bashin ƙanƙara, abin da ya rage.
Ba ta taɓa gode wa na'urar ba.
Wa ke gode wa dakali don bai gudu ba?

Ni ne na dawo hutu daga Puerto Montt
da boko a baki, da ƙaiƙayi a hannu.
Na ce, Kaka, wannan ai ta zamanin da ce,
akwai sabuwar manhaja, mai sauri, mai kyan gani.
Ta ce, tana yi mini aiki.
Na ji, amma ban saurara ba.
Daren Alhamis, tana barci,
na yi gyaran gangar Auzinawa.

Da safe buta ta yi kuka, ta gaji, ta yi shiru.
Allo kuwa ya yi shuɗi fes, kyan ɗan maciji,
wani ɗan zobe yana ta juyi a tsakiya,
wai a dakata, kada a kashe.
Kashi talatin da ɗaya cikin ɗari.
Ƙarfe takwas: talatin da ɗaya.

A waje mutum ashirin da uku cikin rigunan leda.
Nolberto Barría zai kama jirgin fito na tara,
matarsa na asibitin Castro da sabon jariri.
Aladino yana bin kuɗin mako biyu,
mai kanti kuma yana bin Aladino.
Ba wanda ya zage ni.
Sun dai leƙo ta taga ɗaya bayan ɗaya,
ruwa na ɗiga daga hulunansu,
suka dubi zoben, suka dube ni.

Kaka ta jawo akwatin biskit daga ƙarƙashin benci,
rasitan sikeli, jiƙaƙƙu, masu ƙarnin kifi,
ta lashi fensir, ta fara tarawa da ka.
Na riƙe mata fitila. Iyakar amfanina ke nan.
Nolberto ya karɓi nasa tara da kwata.
Jirgi ya riga ya zama ɗigo a teku.

Kwana biyu na yi ina mayar da tsohuwar yadda take,
firintar ma sai da na lallashe ta.
Da lissafin ya dawo, layi bisa layi,
Kaka ta shafa gefen allon da bayan hannu
kamar mai duba zazzaɓin yaro.
Ta ce, Lautaro, ni ba tsere nake ba.
So nake abin da na ajiye jiya
in same shi yau inda na bar shi.

Yanzu gyaran kwamfuta ne abincina.
Masu kemis, masu ɗinki, wani limamin coci
sukan kawo mini nasu a nannaɗe cikin bargo.
Kafin in taɓa ko da maɓalli ɗaya
nakan tambaya: wace rana ce ranar biyanku?
Wa ke jira a bakin taga?
Wasu su yi dariya.
Ɗan Nolberto ya shiga aji uku bana,
har yau uban bai ta da zancen ba.